Rumbun Muryar Kaka



Da Malam ya ce kowane ɗan babban aji ya kawo rubutu don shafin Hausa, na daɗe ina tunanin abin da zan rubuta. Daga baya na ga gara in ba ku labarin ranar da na buɗe cikin kwamfutar gidanmu na ƙara mata rumbun ajiya, wato abin da ake kira had disk, da yadda saura ƙiris in yi ɓarnar da ba ta da gyara. Idan kun ga kuskure a Hausata ku yi mini uzuri. A Bronx aka haife ni, kuma sau biyu kacal na taɓa zuwa Katsina.

Sai na fara da Kaka, domin saboda ita aka yi aikin. Ita ce mahaifiyar Baba, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwata, Umma kuma take ce mini Hajiya Ƙarama. Ita kuwa Kaka kishiya take kira na. Ba ta yi boko ba, don haka ba ta rubuta saƙo a waya. Sai dai ta sa jikanta ya danna mata WhatsApp ta yi magana. Katsina tana gaban New York da awa 6 a lokacin sanyi, awa 5 a lokacin zafi, saboda haka yawanci muna barci saƙonta ke shigowa. Da safe Baba yakan kunna mana muna shan shayi kafin mu fita makaranta. Wata rana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce, wata rana ta jero sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, wata rana kuma faɗa take yi wa Baba don ya kwana biyu bai kira ba. A bayan muryarta ana jin carar zakara, da ƙarar babur, da mai tallan fura yana wucewa. Yawancin Hausar da nake ji a wurinta na koya. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta.

Kafin ta rasu, Baba ya kwashe saƙonninta daga wayarsa ya zuba a kwamfutar gida, guda 412. Ba a daɗe ba wayar ta faɗi ta fashe. Kwamfutar kuwa tsohuwar ta ofis ce da ya saya a hannu, rumbunta gigabayit 256 ne kawai. A ciki akwai takardun harajin Baba na aikin tasi, da bidiyon bukukuwan da ake aiko wa Umma daga gida, da wasannin ƙanena, da aikin makarantata. Sannu a hankali layin da ke nuna cikar rumbun ya tashi daga shuɗi ya koma ja. Ta kai ko hoto ɗaya ba ta iya karɓa. Wani dare Baba ya dawo aiki a gajiye yana neman wurin ajiye wata takarda, sai ya ɗauke foldar Kaka gaba ɗaya ya mayar da ita cikin wani ɗan filashi mai gigabayit 64, ya bar shi soke a bayan kwamfutar. Ku lura da kyau: ɗaukewa ya yi, ba kwafa ba. Tun daga wannan daren, duk duniya babu inda muryar Kaka take sai cikin wannan ɗan abu da bai kai yatsana ba. Ni ban san haka ba a lokacin.

Ni ce na kawo shawarar a ƙara rumbu na biyu. Baba bai yarda da wuri ba.

"Uwata, in kika buɗe ta ta ƙi tashi fa? Kin san takarduna suna ciki."

Na ce, "Baba, ba zan taɓa tsohon rumbun ba. Sabo zan ajiye a gefensa."

Ya ce in je in koyo tukuna. Na yi Asabar biyu ina zuwa Bronx Library Center da ke titin Kingsbridge bayan an tashi Islamiyya, ina karatu, na kuma yi ta damun malamin kwamfuta na makarantar boko da tambayoyi. Shi ya ce mini kafin in kashe ko sisi in leƙa cikin kwamfutar in tabbatar da abu uku: akwai gurbin da sabon rumbun zai zauna, akwai ramin SATA da ba a amfani da shi a jikin babban allon kwamfutar, wato madabod, sannan akwai ragowar wayar wuta da ke fitowa daga akwatin wutar. Na duba, duka ukun akwai.

A wannan karatun na fahimci abin da ke cikin rumbun. Faya-faye ne masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa, wani ɗan hannu mai kai kamar allura yana yawo a samansu yana rubutu yana karantawa ba tare da ya taɓa su ba. Tazarar da ke tsakani ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a buɗe cikin rumbu a gida, ba a kuma bugunsa yana aiki. Irin wanda muka saya yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a daƙiƙa. Na kuma karanta cewa kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan rumbu a 1956 a San Jose ta jihar Kalifoniya. Faifai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗin inci 24, nauyinsa ya kai tan guda, amma abin da yake ɗauka haruffa miliyan 5 ne kawai, kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Namu mai terabayit 2 ya ninka shi fiye da sau 400,000, kuma da hannu ɗaya na ɗauke shi.

Akwai wani nau'in, SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ya fi sauri ƙwarai, amma ya fi tsada in ana son mai girma. Irinsa ne ma a kwamfutarmu tun farko. Tunda mu wurin ajiya muke nema, ba gudu ba, sai muka zaɓi mai faifai.

Ranar wata Lahadi muka hau jirgin D daga Grand Concourse muka sauka a titi na 34 a Manhattan, muka taka zuwa B&H da ke kan Ninth Avenue. Da Asabar muka so zuwa, sai Baba ya tuna mini cewa ba sa buɗewa ranar, saboda masu shagon Yahudawa ne masu kiyaye ranar hutunsu. Ƙanena ya saki baki yana kallon akwatunan kaya suna tafiya a kan bel a saman kawunanmu. Mai sayarwar ya tambaye ni ko ina da wayar SATA, domin irin wannan rumbun shi kaɗai yake zuwa, babu waya babu sukuru. Ba don shi ba da sai mun sake dawowa. Muka haɗa da wayar da sukuru huɗu. Baba ya ƙirga kuɗin ya biya, ya dube ni ya ce, "To, Uwata, amana ce."

Bayan La'asar na fara aiki a kan teburin cin abinci. Ga yadda na yi, ko wani zai amfana.

Na kashe kwamfutar, na zare wayar wuta daga bango, na cire duk wayoyin da ke bayanta. Sannan na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Akwai wata wutar kuma da ba a gani, wadda ke taruwa a jikin mutum. Duk wanda ya yi lokacin sanyi a garin nan ya san ta: hita ta busar da iskar ɗaki, ka taka kafet, ka kama hannun ƙofa, ka ji wani abu ya tsikare ka. Wannan ɗan tsikarin yana iya kashe kayan cikin kwamfuta. Don haka na cire rigar sanyi, na tsaya a inda babu kafet, kuma duk lokacin da zan sa hannu ciki sai na fara taɓa ƙarfen jikin akwatin.

Na kwance sukuru biyu na baya da sukundireba, na zame murfin gefe. Ƙurar da na gani ta ba ni kunya. Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Ashe akwai ɗakin da ban taɓa sharewa ba a gidan nan." Na share da busasshen burushi, Baba yana haska mini da tocilar waya. Na zura rumbun a gurbinsa mai inci 3.5, bakin wayoyinsa yana kallon cikin akwatin, na ɗaure sukuru huɗun ba tare da na matse su da ƙarfi ba. Wayoyi biyu ake sa masa. Siririyar, mai haƙora 7, ita ke ɗaukar bayanai tsakaninsa da madabod. Mai faɗin, mai haƙora 15, ita ce ta wuta. Bakin kowacce yana da 'yar lanƙwasa kamar harafin L, saboda haka ta fuska ɗaya kawai take shiga. In ta ƙi shiga, juya ta za a yi, ba turawa ba. Na mayar da murfi, na mayar da duk abin da na cire daga baya inda yake. Har da filashin Baba na mayar, ban ko dube shi ba.

Na kunna. Fanka ta tashi, sai na ji wata sabuwar ƙara 'yar siririya, rumbun ya fara juyawa. Windows ta buɗe lafiya, takardun Baba suna nan. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Madalla," ya tafi ya kwanta kafin aikin dare.

A nan ne na yi kuskure, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Na karanta cewa sabon rumbu sai an yi masa fomat kafin a fara zuba kaya. Fomat kamar wanke allo ne. In an wanke, an samu wurin sabon rubutu, amma abin da ke kai ya tafi. Na buɗe wurin da kwamfuta ke jera rumbunanta, na ga C, na ga D. A raina na ce C tsoho ne, D kuwa ai shi ne sabon. Na danna D da madannin dama, na zaɓi fomat. Ɗan akwati ya fito a sikirin. Na riga na kai kibiyar kan maɓallin farawa. Kaina ya yi girma a lokacin, ina ta tunanin yadda zan ba ƙawayena labari.

Ban san abin da ya sa idona ya sauka ƙasa kaɗan ba. A gurbin da ake rubuta sunan rumbu, akwai suna a rubuce da manyan baƙaƙe: HAJIYA. Sabon rumbu ba ya zuwa da sunan kakata. Na ɗaga ido sama inda aka rubuta girmansa, na ga gigabayit 50 da wani abu, ba terabayit ba. Na saki linzamin kamar na taɓa garwashi. Na rufe akwatin, na buɗe D, sai ga foldar Kaka. Na koma C na bincika ko'ina, babu ita. A lokacin na gane cewa wannan ɗin shi ke nan, babu wani.

Na danna saƙo ɗaya don in tabbatar. Muryarta ta cika ɗakin tana tsokanata, wai kishiya ta ƙi zuwa Katsina don tana tsoron ta ƙwace mata miji. Umma ta fito da ludayi a hannu ta same ni ina kuka, jikina yana rawa. Da na yi mata bayani ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Hajiya Ƙarama, cire shi ki ba ni." Ta ƙulle filashin a bakin zanenta, ta ce in na gama in zo in karɓa.

Ga abin da na manta, alhali na karanta shi. Sabon rumbu ba ya bayyana a jerin rumbuna ko kaɗan sai an gabatar da shi ga Windows. Ba shi da harafi, ba shi da suna. Duk abin da ka gani da harafi tun kafin ka yi wannan aikin, to ba sabon ba ne. Wurin da ake samunsa shi ne Disk Management, wanda ake buɗewa in an danna tambarin Windows da madannin dama. Ina buɗewa ya sanar da ni cewa akwai rumbun da ba a shirya ba, ya ce in zaɓi tsari, MBR ko GPT. MBR tsoho ne, tun 1983 ake amfani da shi, kuma ba ya iya sarrafa abin da ya wuce kimanin terabayit 2. GPT ne na zamani, shi na zaɓa. Sai rumbun ya fito da baƙin layi a samansa, alamar fili ne da ba a yanka ba. A kan wannan baƙin filin na danna, na ce a yi shi kaso ɗaya, a tsara shi da NTFS, wanda shi ne tsarin Windows. Wannan karon sai da na karanta kowane layi sau uku.

Da aka zo zaɓen harafi, na tuna abin da malamin kwamfuta ya gaya mana, cewa A da B na tsofaffin faya-fayen fulofi ne da aka daina yayi, shi ya sa babban rumbu ya gaji C. Ni dai ban so D ba bayan abin da ya faru. Na zaɓi K.

Akwai abu ɗaya da ya ɗaure wa Baba kai da ya tashi. A kwali an rubuta terabayit 2, amma kwamfutar ta nuna 1.81. Ya ce, "An rage mana mudu ke nan?" Na yi masa bayani cewa ba a rage komai ba, mudun ne iri biyu. Masu ƙera rumbu suna ƙirga 1,000 a kowane mataki, Windows kuma tana ƙirga 1,024. Hatsin ɗaya ne, awon ne ya bambanta. Ya yi dariya ya ce ko a kasuwar Katsina tiya ba ɗaya ba ce.

Na karɓo filashin a wurin Umma, na kwafi foldar zuwa K. Kwafa na yi, ban ɗauke ba. Da ta gama na duba adadin fayil a nan da can, 412 da 412. Na buɗe na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, na saurara. Sannan na gaya wa Baba abin da ya kusa faruwa, domin ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai ya ce, "Laifin namu ne mu biyu, Uwata. Ni na ajiye ta wuri ɗaya, ke kuma kika yi sauri."

Wannan maganar ce ta hana ni barci a daren. Na ɗauka da na ƙara rumbu na gama aiki, ashe wurin zuba kaya kawai na ƙara. Rumbu yana mutuwa, kuma ba kullum yake ba da sanarwa ba. Ko da bai mutu ba, rumbu biyu a akwati ɗaya, a ɗaki ɗaya, ƙaddara ɗaya ce ke kansu. Mu mazauna Bronx ba sai an gaya mana ba. Muna tune da gobarar 9 ga Janairun 2022 a benen Twin Parks da ke titi na 181, wadda ta ci rayuka 17, yawancinsu 'yan uwanmu 'yan Gambiya, Allah ya jiƙansu. Rai ba a haɗa shi da komai. Amma tun daga ranar na san cewa gida yana iya zama ba wurin komawa ba cikin awa ɗaya, kuma mai gudun hayaƙi ba ya tsayawa ɗaukar kwamfuta.

Masana suna da wata ƙa'ida mai sauƙin haddacewa, 3-2-1. Duk abin da ba ka son rasawa, ka yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam, ba gidanka ba. Haka muka yi. Kwafi ɗaya yana cikin K. Na biyu yana cikin filashin, wanda yanzu ba ya kwana a bayan kwamfuta, yana cikin jakar da Umma ke ajiye fasfo. Na uku muka zuba a wani sabon filashi muka ba Kawu da zai tafi gida, ya kai wa Gwaggo a Katsina. Da ta ji, ta kira Baba tana kuka, domin su da ke kusa da Kaka ba su da muryarta ko ta minti ɗaya. Kullum suna tare, ba wanda ya yi tunanin ɗauka. Mu da nisa ya raba mu da ita, mu ne muka tara.

Yanzu duk ranar Lahadi da dare nakan saurari saƙo biyu ko uku, in canza musu suna daga lambobin da waya ta ba su zuwa abin da ke ciki: tatsuniyar kaza, sunayen kakanni, yadda ake dambu. Na kai na 130. Kalmar da ban gane ba nakan rubuta in tambayi Umma, in ta gagare ta in kawo wa Malam. Ƙanena, wanda da ba ya amsa Hausa sai da Turanci, ya fara zama kusa da ni yana tambaya wane ne Gizo.

Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, kada ku ji tsoron cikin kwamfuta. Sukuru huɗu ne da waya biyu, kuma mace ma tana iyawa. Amma ku nemi izinin iyaye, ku zare wuta, ku cire duk wani filashi kafin ku fara, kuma kada ku wanke allon da ba ku karanta abin da ke kansa ba. Sannan yau in kun koma gida ku tambayi Baba ko Umma: muryar Kaka da hotunan gida, a ina suke, kuma kwafi nawa ne? In amsar ita ce a waya ɗaya, to kada ku bari sai gobe.

Ina godiya ga Malam da ya duba mini wannan rubutu, da Baba da ya yarda da ni, da Umma da bakin zanenta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya.